Ciwon Dasashi: Cutar Da Ke Zubar Da Lafiyayyun Haƙora

Mutane da yawa daga cikin ma'aikatan ofisoshi da ɗaliban makarantu sun saba ganin ɗan jini-jini a cikin abin da suka tofar sa'ad da suke goge baki da safe. Galibinsu kuwa ba su ɗauki abin a bakin kome ba. Wani ya ce buroshin ne ya faye tauri, wani ya ce asuwakin ne bai tauna shi ya yi laushi ba, sai ya kurkure baki, ya sa hula, ya kama hanyar wurin aiki. Da tafin hannun mutum ne yake zub da jini duk lokacin da ya wanke shi, da rana ba za ta faɗi ba sai ya dangana da asibiti. Amma da yake baki ne, kuma babu zafi, sai a ƙyale abin ya yi shekara da shekaru.

Likitocin haƙori kuwa sun tabbatar da cewa lafiyayyen dasashi ba ya zub da jini don an goga shi. Jinin nan shi ne alamar farko ta ciwon dasashi, cutar da take cikin manyan dalilan da ke raba magidanta da haƙoransu tun tsufa bai zo ba. A cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, an ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan dubu 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki iri-iri, kuma ciwon dasashi mai tsanani ya kama kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutane, watau fiye da mutum miliyan dubu ɗaya.

YADDA HAƘORI YAKE ZAUNE

Kafin a gane cutar sai an san yadda haƙori yake zaune a baki. Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuwa yana da na nono guda 20. Abin da ido ke gani na haƙori kansa ne kawai. Saiwarsa tana can binne cikin ƙashin muƙamuƙi, an ɗaure ta da ƙashin da waɗansu siraran zaruruwa masu ƙarfi. Dasashi shi ne naman da ya lulluɓe ƙashin nan, ya kuma kewaye wuyan kowane haƙori kamar yadda wuyan riga ke kewaye wuyan mai ita. Tsakanin dasashi da haƙori akwai wani ɗan kwari wanda zurfinsa ba ya wuce milimita 1 zuwa 3 ga mai lafiya. A cikin ɗan kwarin nan cutar take farawa.

Saboda haka ciwon dasashi daban yake da ruɓar haƙori. Ruɓa tana cin jikin haƙorin ne, ta yi masa kogo, mai ita kuma ya kwana bai runtsa ba. Ciwon dasashi kuwa yana barin haƙori fari fes, ya koma yana cin abin da ke riƙe da shi. Misalinsa kamar shigifa ce wadda bangonta yake da kyau, amma zaizayar ruwa tana kwashe ƙasar gindinta damina bayan damina.

MAFARIN CUTAR

Duk wanda ya kwana bai goge baki ba, in ya kankari gindin haƙorinsa da farce zai ga wata farar dauɗa mai danƙo. Mutane suna tsammani ragowar tuwo ce kawai, alhali kuwa mafi yawanta ƙwayoyin cuta ne, watau bakteriya, waɗanda ido ba ya iya gani. Wani ɗan kasuwar yadi na birnin Delft a ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya fara ganinsu. A shekarar 1683 ya kankaro dauɗar haƙoransa, ya duba ta da madubin ƙara girman abu wanda ya ƙera da hannunsa, sa'an nan ya rubuta wa ƙungiyar masana kimiyya ta birnin Landan cewa ya ga waɗansu ƙananan halittu masu rai suna ta motsi a ciki.

An daɗe ana gardama a kan ko dauɗar nan ce ainihin mai jawo cutar, har zuwa shekarar 1965 lokacin da wani likita ɗan ƙasar Norwe, Harald Löe, da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi a birnin Aarhus na ƙasar Denmak. Sun sami mutum 12 masu lafiyayyen baki, galibinsu ɗalibai, suka roƙe su su daina goge baki ɗungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da aka ce su koma ga goge baki, cikin kimanin mako guda kumburin ya sace, dasashin ya koma yadda yake. Gwajin ya nuna abu biyu: dauɗar ce mafarin cutar, kuma a matakin farko tsabta kaɗai ta isa ta warkar da ita.

In aka bar dauɗar ta kwana biyu a wuri ɗaya, sai gishirin da ke cikin miyau ya shige ta, ta daskare ta zama tsatsa mai tauri kamar tsakuwa, wani lokaci ruwan ɗorawa, wani lokaci baƙa. An fi ganinta a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Da zarar ta daskare, babu buroshi ko asuwakin da zai iya ɓamɓare ta, kuma kaushinta yana ba sabuwar dauɗa wurin maƙalewa.

MATAKAI BIYU

Matakin farko shi ne kumburin dasashi. Gefen dasashin ya yi ja, ya yi taushi, ya riƙa zub da jini in an taɓa shi. A wannan mataki ƙashi yana nan lafiya, kuma mutum yana iya warkewa sarai.

Mataki na biyu shi ne wanda likitocin dā suke kira fayoriya. Jiki yana tura dakarunsa na cikin jini su yaƙi ƙwayoyin cutar, amma da yake yaƙin ba ya ƙarewa, sai ɓarnarsa ta shafi zaruruwan da ke ɗaure da saiwa da kuma ƙashin kansa. Dasashi ya saki haƙori, ɗan kwarin nan ya zama aljihu mai zurfin milimita 4, ko 6, ko fiye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, a cikin aljihun nan ƙwayoyin da ba su son iska suke samun maɓoya inda buroshi ba ya kai wa. Ƙashin da ya zaizaye kuwa galibi ba ya dawowa. Abin da magani ke iya yi shi ne ya tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Alamomin da ya kamata su tashi hankalin mutum su ne jini wajen goge baki ko cizon abu mai tauri kamar rake ko ɗanyen mangwaro. Warin baki da ba ya jin kurkura. Mugunya tana fitowa in an matsa dasashi. Haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo saboda dasashi ya janye. Tsamin haƙori in an sha ruwan sanyi. Giɓi ya buɗe inda dā babu wushirya. Daga ƙarshe kuma haƙori ya soma girgiɗa. Zafi yakan zo ne a makare, shi ya sa yawancin masu cutar ba su isa gaban likita sai ɓarna ta yi nisa.

WAƊANDA CUTAR TA FI YI WA ILLA

Ba kowa ne kumburin dasashinsa yake kai shi ga zubar haƙora ba. Daga shekarar 1970, Löe da jama'arsa sun bi lafiyar bakin waɗansu leburori 480 na gonakin shayi a ƙasar Siri Lanka har tsawon shekara 15. Mutanen nan ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, kuma dukansu suna da dauɗa da tsatsa. Sakamakon da aka bayyana a 1986 ya nuna cewa kashi 8 cikin 100 cutar ta ci su da sauri, kashi 81 ta ci su sannu a hankali, kashi 11 kuwa ba ta wuce kumburi ba. Watau dai bayan dauɗa akwai waɗansu abubuwan da ke ba cutar ƙarfi, ciki har da gado. Wanda iyayensa suka yi giɓi da wuri, ya kamata ya fi kowa lura.

Babba daga cikin abubuwan nan ita ce taba, ko ta hayaƙi ko ta gari da ake cusawa a leɓe. Taba tana tsuke ƙananan hanyoyin jini na dasashi, saboda haka mashayi yana iya ɗauke da cutar mai tsanani ba tare da ya ga jini ba, ya zaci lafiyarsa ƙalau. Kuma ko an yi masa magani, bakinsa ba ya saurin warkewa kamar na wanda ba ya sha.

Na biyu shi ne ciwon sukari, wanda ya yawaita tsakanin ma'aikata masu wuni a kan kujera. Mai ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba ya fi sauran mutane saurin kamuwa, kuma kumburin dasashin shi ma yana wahalar da saukar sukarin. An gano cewa yi wa irin wannan mutum maganin dasashi yana taimakawa wajen daidaita sukarinsa gwargwado. Wani lokaci ma likitan haƙori ne yake fara zargin ciwon, in ya ga magidanci yana yawan yin maruru a dasashi.

Mata masu juna biyu su ma dasashinsu yakan kumbura saboda canjin sinadaran jiki. Akwai masu cewa kowane ciki sai ya ci haƙori guda. Wannan magana ba ta da tushe. Jariri ba ya zuƙe haƙorin uwarsa, dauɗa ce take samun dama a lokacin, kuma babu laifi mai ciki ta je a wanke mata haƙora. Haka nan waɗansu magunguna, irin su fenitoyin na farfaɗiya da nifedifin na hawan jini, sukan sa dasashi ya yi kauri har ya hau kan haƙora. Wanda ya ga haka kada ya daina shan maganinsa da kansa, sai ya koma ya shaida wa likitan da ya rubuta masa. Cututtukan da ke raunana garkuwar jiki, kamar ƙanjamau, su ma suna buɗe wa cutar ƙofa.

Abinci ma yana da nasa rabo. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai, matuƙan da suka yi watanni a teku ba su ci ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba, dasashinsu yakan kumbura ya yi ta jini har haƙora su zube. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya raba marasa lafiya 12 gida shida, ya ba kowane gida magani daban. Waɗanda ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka murmure nan da nan. Daga baya aka gane cewa rashin bitamin C ne sanadi. A ƙasar Hausa ba a rasa shi ba: yana cikin lemo, da gwaiba, da mangwaro, da tumatir, da tattasai, da zogale, da garin 'ya'yan kuka.

Bincike ya kuma nuna cewa masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi yawan kamuwa da ciwon zuciya, ko da yake taba da ciwon sukari suna da hannu a duka biyun.

HAƊARIN DA KE KAN YARA

Akwai wata muguwar cuta da likitoci ke kira noma, wadda sunanta ya fito daga harshen Girka, ba shi da alaƙa da noman gona. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci, musamman bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa ne da ɗan gyambo a dasashi, da jini, da wari mai ƙarfi, da dalalar miyau. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, naman ya yi baƙi ya mutu, har rami ya ɓulle a fuska. In ba a yi magani ba, tana iya kashe tara daga cikin yara goma da ta kama. In kuwa an kai yaro asibiti tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar suna cikin yankunan da cutar ta fi yawa. A shekarar 1999 aka buɗe asibiti na musamman domin yaran da ta kama a birnin Sakkwato, inda ake yi musu aikin gyaran fuska. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa ga buƙatar da Nijeriya ta jagoranci gabatarwa. Ma'aikaci ko ɗalibin da ya je hutu ƙauyensu, ya ga yaro ramamme mai warin baki da kumburin kumatu, babban taimakon da zai yi shi ne ya sa a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran kasuwa ta ci.

RIGAKAFI

Tun da dauɗar tana taruwa kullum, kawar da ita ma aikin kullum ne. A goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin a kwanta, kowane karo na tsawon minti 2. Na dare ya fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa lokacin barci. A zaɓi buroshi mai laushi, a karkata bakinsa zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa gogawa a hankali, ciki da waje da saman turame. Dirza da ƙarfi kamar mai wanke tukunya ba ya ƙara tsabta, sai dai ya cinye dasashi. A yi amfani da man goge baki mai sinadarin fuloraid domin kare haƙora daga ruɓa, a sake buroshi bayan kowane wata 3, kuma kada ɗalibai a ɗakunan kwana su riƙa aron na juna.

Asuwaki, wanda addinin Musulunci ya kwaɗaitar da yin sa, kuma kakanni suka riƙe shi tun kafin zuwan buroshi, yana aiki sosai in an iya shi, ko na itacen da Larabawa ke kira arak ne, ko na darbejiya. Sharaɗin shi ne a tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya har na ƙurya da bayansu, a kuma riƙa yanke tsohon bakin. Wanda ya wuni da asuwaki a gefen baki yana hira, haƙoran gaba kaɗai yake gogewa, bai yi rabin aikin ba.

Tsakanin haƙora nan ne cutar ta fi farawa, kuma nan ne buroshi ba ya shiga. Akwai zaren sakace da ƙananan buroshi na musamman da ake sayarwa a kantunan magani domin wannan wuri. Sakace da allura, ko fil na ofis, ko tsinken ashana, yana huda dasashi. Goro da fure kuwa suna rina haƙora, rinin yakan ɓoye tsatsa har mai ita ya kasa ganinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga jini sai ya daina goge wurin don kada ya fama. Wannan yana ƙara wa dauɗar zama ne. Abin da ya kamata shi ne a ci gaba da goge wurin a hankali. In jinin bai tsaya ba bayan mako biyu, sai a nemi likita. Ko babu ciwon kome, ya dace a je a duba baki aƙalla sau ɗaya a shekara.

MAGANI

A asibiti, likita yana auna zurfin aljihun da ke gefen kowane haƙori da wani siririn ƙarfe mai alamun milimita, wani lokaci ya ɗauki hoton ƙashin don ya ga iyakar ɓarnar. Sa'an nan a ɓamɓare tsatsar da ƙarfe ko da inji mai karkarwa yana fesa ruwa. In aljihun ya yi zurfi, akan yi allurar kashe zafi a kankare jikin saiwar har ta yi santsi, domin dasashi ya sami damar sake kama ta. Inda wannan bai isa ba, akan yi ƙaramar tiyata a ɗaga dasashi a wanke ƙarƙashinsa. Haƙorin da ƙashinsa ya ƙare kuwa sai cirewa, a sa na roba ko wani madadinsa. Manyan asibitocin jihohi da asibitocin koyarwa, irin su na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Malam Aminu Kano da ke Kano, suna da sassan haƙori inda ake wannan aiki.

Waɗansu suna gudun wankin haƙora wai yana sa su girgiɗa ko ya buɗe giɓi. Gaskiyar magana ita ce tsatsar ce ta cike gurbin da cutar ta riga ta cinye; da aka cire ta sai gurbin ya bayyana. Ɗan tsamin da ke biyo baya yakan wuce cikin 'yan kwanaki ko makonni.

Kurkura da ruwan ɗumi da ɗan gishiri tana kwantar da kumburi, amma ba ta cire tsatsa. Ruwan kurkurar baki mai sinadarin kulohekzidin yana taimakawa na ɗan lokaci, in an daɗe ana amfani da shi kuwa yana rina haƙora. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su metronidazol da amokzisilin ba su maye gurbin wanki, kuma ba a shan su sai da izinin likita. Sayen kafso biyu a tebur duk lokacin da dasashi ya kumbura yana koya wa ƙwayoyin cutar jure magani ne kawai. Danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi tana ƙona shi, ruwan batir kuwa guba ne. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna cewa suna fid da tsutsa daga haƙori, su ma a kiyaye su, domin babu tsutsa a cikin haƙori.

Bayan an gama magani, aikin ya koma hannun mai baki. Cutar tana dawowa ga wanda ya koma ga sakaci ko ga taba, saboda haka likita yakan nemi a riƙa komowa bayan 'yan watanni. Kuɗin buroshi da asuwaki na shekara guda bai kai na sa haƙorin roba ɗaya ba, kuma wanda ya yi ritaya da haƙoransa cikakku shi ne zai ci naman Salla da fanshonsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.